Sintirin Jiragen Bama-bamai a Bakin Iyakar Abokan Hamayya: Yadda Ake Yi da Abin da Yake Nufi

Masu sauraron labaran duniya a rediyo sun saba jin an ce jiragen yaƙin Amurka sun tare jiragen saman Rasha masu jefa bama-bamai a kusa da Alaska, ko kuwa jiragen Birtaniya sun tashi cikin gaggawa domin su raka waɗansu da suka doso arewacin ƙasar. Wanda bai san yadda al'amarin yake ba, da jin haka sai ya ɗauka yaƙi ne ya taso, har ya kai maganar majalisa ko bakin kasuwa. Washegari kuma sai a ji shiru, kamar ba a yi ba. Wannan bayani zai duba abin da ke faruwa a irin waɗannan ranaku, da dalilin da ya sa manyan ƙasashe ke kashe dukiya mai yawa wajen tura jirage su yi tafiyar sa'o'i masu yawa su dawo ba tare da sun jefa ko da tsakuwa ba.

Misali na kusa shi ne abin da ya faru ranar 24 ga Yuli, 2024. A ranar, jirage biyu na Rasha samfurin Tu-95 da biyu na ƙasar Sin samfurin H-6 sun yi shawagi tare a kan teku, kimanin kilomita 320 daga gaɓar Alaska. Jiragen yaƙin Amurka da na Kanada suka tashi suka tarye su, suka jera da su, suka raka su har suka juya. Wannan ne karon farko da jiragen bama-bamai na Sin suka zo wannan yanki, shi ya sa labarin ya bazu. Sai dai sanarwar da rundunar haɗin gwiwa ta Amurka da Kanada mai tsaron sararin samaniya, wato NORAD, ta fitar ta bayyana cewa jiragen ba su shiga sararin samaniyar Amurka ko na Kanada ba. Fahimtar wannan magana ita ce mabuɗin al'amarin baki ɗaya.

Ina iyakar ƙasa take a sama?

Yarjejeniyar sufurin jiragen sama da aka ƙulla a birnin Chicago a 1944 ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin da ke bisa ƙasarta, kuma jirgin soja na wata ƙasa ba ya shiga sai da izini. Ga ƙasar da ke bakin teku, wannan iko yana miƙawa har mil 12 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 22, kamar yadda dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta tanada. Daga nan zuwa gaba sarari ne na kowa da kowa. Jirgin da ya tsaya a wajen wannan layi bai karya doka ba, ko da kuwa cikinsa maƙare yake da makamai.

Manomi zai fi kowa gane wannan. Idan wanda ba ka ga-maciji da shi ya zo ya tsaya a kan burtalin da ya bi ta gefen gonarka, da gatari a kafaɗa, yana kallon amfaninka, ba ka da ƙarar da za ka kai gaban mai gari, domin burtali ba naka ba ne. Amma ba za ka koma gida ka yi barci ba. Za ka fito ka tsaya daga naka ɓangaren don ya san ka gan shi.

Matsalar ita ce kilomita 22 ba komai ba ne ga jirgin sama. Jirgi irin Tu-95 yana cinye wannan tazara cikin kimanin minti biyu. Bugu da ƙari, jiragen wannan zamani ba sa buƙatar su zo kan gari kafin su yi ɓarna, tun da suna ɗauke da makamai masu linzami da ke tafiyar kilomita fiye da dubu biyu bayan an sake su. Saboda haka ne waɗansu ƙasashe suka shata wani yanki mai faɗi a wajen iyakarsu, wanda za a iya kira yankin tantance jirage, inda suke neman duk jirgin da ya shigo ya bayyana ko shi wane ne da inda ya nufa. Amurka ce ta fara wannan a 1950, lokacin yaƙin Koriya. To amma babu wata yarjejeniyar duniya da ta kafa irin wannan yanki. Kowace ƙasa ce ke shata nata da kanta, kuma abokin hamayya ba dole ne ya yi biyayya ba. Yawancin labaran da ake ji na “tare jirage” a cikin wannan yanki suke faruwa, ba a cikin iyakar ƙasa ba.

Akwai kuma rabo na uku da bai kamata a rikita shi da waɗannan biyun ba, wato yankunan da aka rarraba wa ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen fasinja domin hana karo. Na Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi. Na ƙasashen da ke bakin manyan tekuna yakan miƙa ɗaruruwan kilomitoci a kan ruwa, amma wannan aikin lura ne kurum, ba mallaka ba.

Yadda ake tarewa

Jiragen bama-bamai na Rasha sukan tashi ne daga sansanoni irin su Engels da ke kusa da birnin Saratov, ko Ukrainka da ke gabas mai nisa. Idan yamma suka nufa, sukan zagayo ta saman arewacin Norwe su gangaro kudu. Na'urorin radar, masu hango jirage daga nesa, su ne ke fara ganinsu. Daga nan sai jiragen yaƙin Norwe su tashi su raka su, idan sun kai ƙarshen yankinsu su miƙa su ga jiragen Birtaniya samfurin Typhoon, waɗanda ke zaman shiri dare da rana a sansanonin Lossiemouth da Coningsby. Haka ake miƙa su hannu-hannu, kamar yadda dogaran hakimi kan raka baƙon da ba a yarda da shi ba har iyakar ƙasar hakimi na gaba.

Matuƙin da ya je tarewa ba harbi ya je yi ba. Aikinsa shi ne ya matso daga gefe inda za a gan shi, ya karanta lambar jirgin, ya duba ko akwai makamai a rataye a ƙarƙashin fukafukai, ya ɗauki hoto, ya sanar da ƙasa. Mutanen da ke cikin jirgin da aka tare su ma sukan ɗauki nasu hoton. An sha ba da labarin yadda, a zamanin yaƙin cacar baka, matuƙan ɓangarorin biyu kan ɗaga wa juna hannu ta taga. Abin da matuƙan Yamma ba sa mantawa game da Tu-95 shi ne ƙararsa: injuna huɗu gare shi, kowanne da farfela biyu masu juyawa saɓanin juna, kuma yana cikin jiragen da suka fi ƙara a duniya.

A wata sanarwa da ta fitar a 2023, NORAD ta ce tun daga 2007 takan tare jiragen sojan Rasha kimanin sau shida zuwa bakwai a shekara, akwai shekarar da aka kai 15, akwai kuma wadda ba a yi ko sau ɗaya ba. Ƙasar Japan, wadda ke maƙwabtaka da Rasha da Sin duka, nata nauyin ya fi haka nesa ba kusa ba: a shekarar kasafinta ta 2016 jiragenta sun tashi cikin gaggawa sau 1,168, galibi saboda jiragen Sin iri-iri.

Asalin al'adar

Abin ya samo asali ne tun shekarun 1950, lokacin da jirgin sama ne kaɗai hanyar kai bam ɗin nukiliya daga wata nahiya zuwa wata. Jirgin B-52 na Amurka, mai injuna takwas, da Tu-95 na Tarayyar Sobiyet duk sun fara tashi ne a 1952, kuma abin mamaki, har yau jiragen da ke ɗauke da waɗannan sunaye ne ke wannan aiki. B-52 na ƙarshe ya fito daga masana'anta a 1962, ke nan ya girmi matuƙan da ke tuƙa shi a yau.

A shekarun 1960 Amurka ta ji tsoron kada a farmake ta a lalata jiragenta tun suna ƙasa. Sai ta tsiro da tsarin da ya tanadi cewa a kowane lokaci, dare da rana, akwai kimanin jirage 12 samfurin B-52 a sama ɗauke da bama-baman nukiliya na gaske, suna kewaya hanyoyin da ke kusa da Tarayyar Sobiyet suna jiran umarni. Ba abokan gaba ne suka kawo ƙarshen wannan tsari ba, haɗari ne.

Ranar 17 ga Janairu, 1966, wani B-52 ya yi karo da jirgin dakon mai yayin da yake shan mai a sama, bisa ƙauyen Palomares da ke bakin teku a kudancin ƙasar Sifen. Mutum bakwai daga ma'aikatan jiragen biyu suka mutu, bama-bamai huɗu suka faɗo. Uku sun faɗi a ƙasa, na huɗu ya nutse a teku. Allah ya kiyaye, ƙarfin nukiliyar bai tashi ba, amma nakiyar da ke jikin biyu daga ciki ta fashe ta watsa guba mai suna pulutoniyam a kan gonaki. Mutanen Palomares manoman tumatir ne da masunta, ba ruwansu da rikicin Amurka da Sobiyet, ba kuma wanda ya taɓa neman shawararsu kafin a mayar da saman ƙauyensu wurin shan man jiragen nukiliya. Aka ƙone amfanin gona, aka kankare ƙasa kimanin tan 1,400 aka zuba a gangariya aka kai Amurka. Bam ɗin da ya faɗa teku kuwa sai da aka shafe kwana 80 ana nema, kuma wani masunci mai suna Francisco Simó Orts, wanda ya ga faɗuwarsa, shi ne ya nuna wa rundunar ruwan Amurka wurin. Shekaru da dama bayan haka akwai filayen da suka ci gaba da zama a killace da waya, ba noma ba gini.

Shekara biyu bayan nan, ranar 21 ga Janairu, 1968, wuta ta kama a cikin wani B-52 ɗin, ya faɗi a kan ƙanƙarar teku kusa da sansanin Thule a tsibirin Girinlan, shi ma da bama-bamai huɗu. Daga nan Amurka ta daina yawo da nukiliya a sama ba dare ba rana. Sintirin kansa dai bai tsaya ba, sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da Rasha ta rasa kuɗin mai da na gyara, ta dakatar da nata na yau da kullum a 1992.

Ranar 17 ga Agusta, 2007, Shugaba Vladimir Putin ya ba da sanarwar cewa an dawo da shi, kuma a ranar jirage 14 sun tashi daga filaye bakwai. Lokacin da ya zaɓa yana da ma'ana. Amurka ta fice daga yarjejeniyar taƙaita makaman kariya daga makamai masu linzami a 2002, ƙungiyar tsaro ta NATO ta karɓi ƙasashen Estoniya da Latbiya da Lituweniya a 2004, ana kuma shirin girka na'urorin kariya a Polan da Jamhuriyar Cek. A ɗaya ɓangaren, farashin man fetur ya tashi, baitulmalin Rasha ya cika. Kakakin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya amsa da shaguɓe, inda ya nuna cewa idan Rasha na son ta karkaɗe tsofaffin jiragenta ta sake tashi da su, wannan ruwanta ne. Amma sojojin Amurka ba su ɗauki abin da wasa ba.

Me ake nema da shi?

Akwai amfani na zahiri. Matuƙa suna buƙatar horo a kan doguwar tafiya da shan mai a sama. Haka kuma duk lokacin da jirgi ya doso, dole mai gida ya kunna na'urorinsa ya tayar da jiragensa, baƙon kuwa yana lissafi: daga wane nisa aka hango shi, minti nawa aka ɗauka kafin a iso, daga wane sansani aka taso. Wannan leƙen asiri ne a bainar jama'a. Akwai kuma gajiyar da abokin hamayya, domin kowace tarewa tana cin mai da kuɗi da ƙarkon jirgi.

Sai dai babban dalilin shi ne aika saƙo. Manyan ƙasashe suna ajiye makaman nukiliya ne a wurare uku: a ramuka ƙarƙashin ƙasa, a jiragen ruwa masu nutso, da kuma a jiragen sama. Na rami ba ya motsi, na ƙarƙashin ruwa amfaninsa a ɓoye yake, kuma makami mai linzami idan aka harba shi ba a kiransa ya dawo. Jirgin sama ne kaɗai ake iya nunawa, a gan shi, a ɗauki hotonsa, sannan a ce masa ya juya. Shi ne zare takobi rabi daga kube a mayar.

Kuma ba Rasha kaɗai ke yin wannan ba, ko da yake kafafen labaran Yamma nata suka fi ruwaitowa. A watan Nuwamba na 2013, da Sin ta shata nata yankin tantance jirage a tekun gabashinta, har ya haɗa da tsibiran da take jayayya da Japan a kansu, cikin 'yan kwanaki Amurka ta tura B-52 biyu daga tsibirin Guam suka ratsa yankin ba tare da sun sanar da kowa ba. Ma'anar a fili take: ba mu amince ba. A watan Janairu na 2016, kwana huɗu bayan Koriya ta Arewa ta yi gwajin nukiliya, B-52 ya yi shawagi ƙasa-ƙasa a kan Koriya ta Kudu, saƙo ga abokan gaba, tabbaci kuma ga abokai. Ranar 28 ga Agusta, 2020, B-52 guda shida sun bi ta kan ƙasashen NATO a yini ɗaya, jiragen Rasha kuma suka tare ɗaya a kan tekun Bahar Aswad, suka riƙa gittawa ta gabansa da tazarar da Amurka ta ce ba ta wuce mita 30 ba. Nahiyar Afirka ma ta ga irin wannan nuni: a watan Oktoba na 2019 jirage biyu samfurin Tu-160 sun sauka a sansanin Waterkloof na Afirka ta Kudu, daidai lokacin da shugabannin Afirka ke taro da Putin a birnin Sochi.

Inda haɗarin yake

A ganin mai wannan rubutu, abin tsoro a sintirin ba niyyar masu tura jiragen ba ce, domin wanda ke shirin kai farmaki na gaske ba ya zuwa da rana tsaka a tsohon jirgi mai ƙara. Abin tsoro shi ne kuskure, a wurin da minti biyu ke raba halas da haram.

Ranar 23 ga Yuli, 2019, yayin sintirin haɗin gwiwa na farko tsakanin Rasha da Sin, wani jirgin radar na Rasha da ke tare da ayarin ya shiga sararin tsibiran Dokdo har sau biyu. Jiragen Koriya ta Kudu suka harba harsasan gargaɗi kimanin 360. Rasha ta musanta cewa ta keta iyaka. Japan kuwa, da yake ita ma tana cewa tsibiran nata ne, sai ta kai ƙorafi ga Rasha saboda shiga, ta kuma kai ga Koriya ta Kudu saboda harbi. A 2015 Turkiyya ta harbo jirgin yaƙin Rasha samfurin Su-24 a bakin iyakar Siriya, bisa zargin ya shiga sararinta na daƙiƙa 17, abin da ya jawo watanni ana takun-saƙa tsakanin ƙasashen biyu.

Farar hula ma ba su tsira ba. Jiragen soja sukan kashe na'urar da ke bayyana su ga masu kula da zirga-zirga, ta yadda jirgin fasinja ba zai san suna kusa ba. A ƙarshen Janairu na 2015, Tu-95 biyu sun gangaro ta yammacin Ailan har kusa da mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka karkatar da jiragen fasinja, Birtaniya ta kira jakadan Rasha domin ya yi bayani. Mafi muni shi ne abin da ya faru ranar 1 ga Satumba, 1983, lokacin da jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya shiga sararin Sobiyet a yankin da jirgin leƙen asirin Amurka ya yi shawagi a daren. Aka harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin, mutum 269 suka halaka. Sakamakon haka ne aka yi wa yarjejeniyar Chicago gyara a 1984, aka hana amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke cikin tafiya.

Mutanen yankin tafkin Chadi da suka manyanta suna iya tuna yadda abin yake idan jirgin bai juya ba. Ranar 17 ga Fabrairu, 1986, jirgin Libiya samfurin Tu-22, ƙirar Sobiyet, ya keto hamada ya jefa bam a filin jirgin saman Njamena, kwana ɗaya bayan Faransa ta kai hari a filin Wadi Dum da ke arewacin Chadi.

Abin da yaƙin Yukren ya canza

Shekaru kusan sittin Tu-95 ya yi yana sintiri ba tare da ya shiga yaƙi ba. Sai a watan Nuwamba na 2015 ya fara harba makamai masu linzami a Siriya, kuma tun daga 2022 irin waɗannan jirage ne Rasha ta riƙa amfani da su wajen kai hare-hare kan biranen Yukren da tashoshin wutar lantarkinta, suna sakin makaman tun daga cikin sararin Rasha. Saboda haka matuƙin Norwe ko na Amurka da ya jera da Tu-95 ya san ba kayan ado yake kallo ba.

Ranar 1 ga Yuni, 2025, Yukren ta mayar da martani ta hanyar da ba a zata ba. Ta ɓoye ƙananan jirage marasa matuƙa a cikin rufin ɗakunan katako da aka ɗora a kan manyan motoci, aka kai su kusa da sansanonin Rasha, ciki har da Belaya da ke Sibiriya, fiye da kilomita 4,000 daga Yukren, da Olenya da ke arewa mai nisa. Shugaba Zelensky ya ce jirage 117 aka yi amfani da su. Yukren ta ce ta sami jirage 41; jami'an Amurka sun ƙiyasta kimanin 20, waɗanda kusan 10 daga ciki suka ƙone ƙurmus. Asarar tana da nauyi, domin an daina ƙera Tu-95 tun farkon shekarun 1990.

A daidai wannan lokaci kuma igiyoyin da suka ɗaure ɓangarorin biyu suna ta kwancewa. Yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya da Amurka da Rasha suka sa wa hannu a 2010 ta ƙayyade wa kowannensu kawunan nukiliya 1,550 da ke cikin shiri, ta kuma ba kowanne damar aika masu bincike su duba sansanonin ɗan'uwansa, har da na jiragen bama-bamai. Rasha ta dakatar da aiki da ita a watan Fabrairu na 2023, wa'adin da aka ƙara mata kuma 5 ga Fabrairu, 2026 ne iyakarsa.

Duk da asarar watan Yuni, Rasha ba ta fasa fitowa ba. Ranar 24 ga Satumba, 2025, Tu-95 biyu tare da rakiyar jiragen yaƙi biyu samfurin Su-35 sun sake bayyana a yankin tantance jirage na Alaska. Jiragen F-16 na Amurka suka tashi suka tarye su, NORAD kuma ta fitar da sanarwa cewa ba su shiga sararin Amurka ko na Kanada ba.